Rabin Kitson Salima

A unguwar da ke bayan tsohuwar tashar jirgi a Ƙaura Namoda, kowa ya san Kubura da kitso. Hannunta ba shi da zafi, tsagarta kuma sai ka ce an ja da zare. Idan biki ya matso, har daga Zurmi mata ke zuwa. Amma cikin kawunan da ke kwanciya a cinyarta, ɗaya take jira, na Salima.

Salima bazawara ce, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Tun da aka tashi ƙauyensu take zaune a gidan yayanta Shu'aibu, layi ɗaya da su Kubura. Duk Alhamis sai ta zo da kanta a tsefe, tana ƙanshin gyaɗa, ta zauna a tabarma ta jingina. Mutane sun ce ƙawaye ne, kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai ba su faɗi duka ba. Su biyun ma ba su taɓa raɗa wa abin suna ba. Wata rana da damina ruwa ya koro su ɗaki, Salima ta kama hannun Kubura ta ɗora a kumatunta, ta ce, "Ni dai ke ce." Kubura ba ta janye hannun ba.

Daga ranar, in ta gama wa Salima kitso, sai ta ƙara wani ɗan siriri a ƙeya, can ƙasa inda kallabi ke rufewa. Ba wanda ya san da shi. Idan suka haɗu a taron mata, Salima takan kai hannu ƙeyarta kamar tana susa. Gaisuwarsu ke nan. Kitso ne kaɗai wurin da Kubura za ta riƙe ta a gaban kowa, ba wanda zai ɗaga ido.

Wannan Alhamis ɗin Kubura ta gama wa Salima ɓangaren dama, ta fara tsaga na hagu. Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifinta, tana gefe tana tsinkar zogale. Fauziyya maƙwabciyarsu tana jiran layi, tana ta danna waya. Can sai ta tuntsire da dariya.

"Gwaggo, zo ki ga abin duniya! 'Yan maɗigo ne aka yi wasa a kansu."

"Auzubillahi," in ji Gwaggo, amma ta matso da farantinta. "Ƙara sauti, ɗiyan nan, kunnena ba shi ji."

Fauziyya ta riƙe wayar yadda kowa zai gani. Wasu mata ne a cikin babbar mota, sun shafa mai sun yi fari fat, zobba a kowane yatsa. Suna zuwa wurin boka, suna yaudarar 'yan mata da waya da atamfa, suna dariya irin ta mayu. Kubura ta kalli hannuwanta, baƙaƙe, yatsun duk sun yi kanta saboda jan gashi. Ta kalli wuyan Salima, baƙi sumul, da ɗan tabon man gyaɗa da ya taɓa fallatso mata. Ta nemi ko da abu ɗaya nasu a cikin wayar, ba ta samu ba. A cikin wasan ba wadda ta kai wa wata kunu lokacin da zazzaɓi ya kayar da ita. Duk da haka ta san su ake nufi.

Daga ƙarshe wani mutum ya fito yana nuna yatsa, yana cewa a sa ido. Ya ce alamarsu ba ta ɓuya: kullum suna manne, ba sa zancen aure, kuma wata ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ƙawar tata.

"To fa!" Fauziyya ta tafa hannu. "Salima, ke aka faɗa! Wa ya taɓa ganin wani hannu bisa kanki in ba na Kubura ba?"

Wasa take yi, idonta ma bai bar wayar ba. Amma Kubura ta ji wuyan Salima ya sandare a kan cinyarta.

"Allah shi tsine ma masu wannan hali," in ji Salima da ƙarfi, tana dariyar da ba tata ba. "Ni in na gan su, ko ruwa ba ni ba su."

"Amin, ɗiyata," Gwaggo ta ce. Sai ta ɗago ta dubi Kubura, ta daɗe tana dubanta. "Ke kuma mi ya same ki? Kin tsaya da kitson."

"Ba komi, Gwaggo. Tsinken ne ya soke ni."

Salima ta miƙe zaune, ta jawo kallabinta. Ta ce ta tuna ta bar gyaɗa a wuta.

"Da rabin kai za ki hita?" in ji Fauziyya. "Kamar kazar da aka fara figa?"

"Ina dawowa."

Kubura ta yi wa Fauziyya shuku, kunnenta na ƙofa. Salima ba ta dawo ba. Wata Alhamis ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Kubura ta riƙa shimfiɗa tabarmar tana naɗewa. Sau ɗaya ta je har ƙofar gidan Shu'aibu da kwalba, wai man gyaɗa za ta saya. Matar gidan ce ta auna mata, ta ce Salima na kwance. Alhali ga takalmanta nan a bakin madafa, ana jin ƙarar dama gyaɗa a ciki.

Da aka fara yankan gero, Salima ta yi sallama da hantsi. Ta rame. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta ce bankwana ta zo yi, za ta koma Shinkafi wurin yayarta mace, can za ta ci gaba da sana'a.

"Allah shi ba da sa'a," Gwaggo ta ce. "Wataƙila can mijin yake."

"Amin, Gwaggo."

Ta juyo wurin Kubura, ba ta haɗa ido da ita ba. Sai ta kwance kallabinta kamar za ta gyara ɗaurin, ta ɗan jinkirta. Kubura ta gani. Ɓangaren hagu wata ce ta kitsa, ta ja shi da ƙarfi har ƙuraje sun feso a goshi. Ɓangaren dama kuwa nata ne, na waccan Alhamis ɗin. Ya tsufa, ya yi buzu-buzu, amma ba a tsefe shi ba.

"Zauna in gyara miki," in ji Kubura. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. "Ba ni daɗewa. Ga tabarma nan."

Salima ta dubi tabarmar. Ta dubi Gwaggo, wadda ta daina abin da take yi tana kallonsu.

"Yaya Shu'aibu na jirana tasha," ta ce. Ta ɗaura kallabin, ta ja shi sosai. "Ki yahe mini, Kubura. Abin da na ce rannan..."

"Mi kika ce da za a yahe?" in ji Gwaggo. "Ai gaskiya kika faɗa."

Salima ta juya ta nufi ƙofa. Kubura ta raka ta zuwa zaure, ba ta iya wuce nan ba. Salima ta kama hanya ba ta waiwaya ba. Sai da ta kai kwanar masallaci ta ɗaga hannu ta kai ƙeyarta, ta lalubi wurin. Babu ɗan siririn kitson, don ranar ba a kai ga yin sa ba. Ta bar hannun a wurin har ta sha kwana.

Kubura ta koma ciki. Wata mata ta riga ta zauna a tabarmar, ta tsefe kanta tana jira. Kubura ta ɗauki tsinke ta fara tsaga. Tsagar ta karkace, ta share ta sake.