Ranar da Baba Doka Ya Manta Ɓangarensa

"Ki rufa mini asiri zuwa ranar da zan ajiye aiki," in ji Baba Doka, "ni kuma in tsaya miki ki gaji kujerar nan."

Mataimakiyarsa ta tabbatar ƙofar ofis a rufe take, sannan ta ce, "Na yarda, Baba. Amma a kotu ni zan riƙa magana. Kai ka zauna ka haɗe rai kawai, wannan ai ka iya."

Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Baba Doka shi ne lauyan jami'a tun tana 'yan ajujuwa. Dokar ɗaukar malami da ta korar ɗalibi duk shi ya tsara, har ana shirin sa sunansa a sabon ɗakin taro. Abin da mutane ba su sani ba, kansa ya fara yoyo. Rannan ya tsaya a tsakiyar matakala da jaka a hannu, ya rasa hawa yake ko sauka. Mataimakiyar ce ta same shi yana gumi.

Shari'a ɗaya ta rage masa. Wata ɗaliba aka kora bisa zargin satar amsa, ta kai jami'a ƙara. Ranar zama mataimakiya ta miƙe za ta fara, sai alƙali ya ɗaga hannu. Tsohon ɗalibin Baba ne.

"Malam, na ji wannan ce ta ƙarshe. Ba za ka tafi ban ji muryarka ba."

Mataimakiya ta koma ta zauna. Baba ya miƙe a hankali, ya dafa tebur. Ya dubi takardu, baƙaƙen suka ƙi zama magana. Ya sunkuyo wajen mataimakiya, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, wa muke karewa?"

Lasifikar da ke gabanta a kunne take, duk abin da ta faɗa kotu za ta ji. Ta ja gefen rigarsa, bai ji ba. Ya waiga ya ga yarinya tana share hawaye, mahaifinta a gefe yana murɗa hula. Nan ya yanke cewa mai kuka ita ce tasa.

"Ranka ya daɗe, an kira yarinyar nan ta kare kanta kafin a kore ta?"

Daga nan harshe ya kwance. Ya jero sashe bayan sashe, ya nuna kwamitin da ya kore ta bai saurare ta ba, kuma wanda ya zarge ta shi ya zauna yanke hukunci. Lauyan ɗalibar ya rufe fayil ɗinsa a hankali, kamar mai gudun tada barci.

A mota Baba ya yi ta kallon hannuwansa, can ya ce, "Mun ci?"

"An ci, Baba."

Ɗaliba ta koma aji. Gari ya ɗauka Baba Doka ya zaɓi gaskiya da gangan, jami'a ba ta ga yadda za ta fasa karrama shi ba. Fushin shugaban jami'a sai ya sauka kan mataimakiya, ya ce tana zaune aka kayar da su. In ta faɗi dalili, laifin ɓoyewa nata ne, don haka ta yi shiru, aka kawo wani daga waje aka ba shi kujerar Baba. Yarinya ta ci, Baba ya ci abin da bai san ya ci ba, wadda ta riƙe amana ita ta tashi hannu banza.