Gadar Surukai

Garinmu, Garin Mainasara, yana can cikin gonaki in ka bar Dangora ka nufi wajen Tiga. Rafin Ɗanjuma ne ya raba mu da sauran duniya, shi ne kuma iyakar ƙananan hukumomi biyu: wannan gaɓar tamu, waccan ta mutanen ƙetare. Ba zan kama sunan hukumomin ba, domin waɗanda suka yi aikin da zan ba ku labarinsa suna nan da ransu, wasu har an naɗa musu rawani saboda hidimar jama'a.

Da rani ko akuya ba ta shakkar rafin nan. Da damina kuwa sai ya kumbura ya yi jajir, a yi kwana da kwanaki ba mai tunkararsa. Kasuwa tana ƙetare, titi yana ƙetare, asibiti yana ƙetare. Mu abin da aka bar mana a gefenmu shi ne maƙabarta.

Aminina Zailani ya fi kowa sanin wannan. Wata damina naƙuda ta zo wa matarsa Dije da gardama, muka turo ta a amalanke har bakin ruwa, muka tarar rafi ya cika ya batse. Nan muka wuni muna hangen rufin asibiti yana ƙyalli a rana. Dije ta tsira da ƙyar, ɗan bai zo da rai ba. Tun daga ranar, in Zailani ya ji tsawa sai ka ga ya ajiye loma.

Zamanin soja ne, farkon shekarun casa'in. Sai ga labari cewa kantomanmu da kantoman ƙetare sun kafa Kwamitin Haɗin Gwiwa, za a yi mana gada. An raba aiki kamar naman layya: ƙetare su gina gadar, mu hukumarmu ta yi hanyar burji daga gari zuwa bakinta, da cikon ƙasar da mota za ta bi ta hau. Abin da ya fi faranta wa manya rai shi ne, injiniyanmu Balarabe yana auren 'yar Alhaji Hamidu, shugaban ayyuka na ƙetare. Kuma 'yar tasa ta fari ce. Kowa ya ce shi ke nan, aiki ya zama na gida, ba sauran jan ƙafa.

A ajin firamarenmu aka yi zaman farko, mu talakawa muna leƙe ta taga. An jera kujeru, an sa tebur a tsakiya don a shimfiɗa taswirori biyu a gwada su. Balarabe ya iso da tasa a naɗe a hammata, yana ta kai-komo yana ba da umarni. Yana jin tsayuwar motar Alhaji Hamidu sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya kafa ido a ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Madalla, madalla," in ji Alhaji Hamidu, yana gaya wa allo. Shi jinin Fulani ne, ko sunan 'yarsa ta fari ba ya faɗa, balle ya haɗa ido da mijinta a bainar jama'a.

Aka yi aka yi Balarabe ya hau kujera, ya ƙi. Alhaji Hamidu ya juya tasa kujerar tana kallon taga, har muka ɗan ja da baya. Kantomanmu ya ce ko Injiniya yana da bayani? Balarabe ya ce, daga inda yake tsugune, "Ai duk yadda Baba ya gani shi ne daidai." Aka juya ga Alhaji, ya yi gyaran murya ya ce, "Yaran yanzu sun fi mu karatu. Abin da suka tsara ya yi."

Sai tafi ya ɓarke. Kantoman ƙetare ya miƙe ya ce bai taɓa ganin tarbiyya irin wannan ba, da haka ma'aikatan ƙasar nan suke da an wuce wurin. Aka kawo kaji da lemo. Balarabe ya sulale waje don ba ya cin abinci gaban suruki. Aka yi addu'a aka watse, kowace taswira ta koma gida a naɗe yadda ta zo.

Ba a jima ba 'yan safiyo suka zo suka kafa fegi. Hanyar ta miƙe daga gari ta nufi mashigin da muke bi da rani, ta ratsa tsakiyar garkar Zailani. Garkar nan ita ce cinsa ita ce shansa: tumatir, albasa, da jerin itatuwan mangwaro da mahaifinsa ya dasa. Tsohon yakan ce shi ba don kansa ya dasa su ba, don jikokinsa su hau ne.

Na ce masa, "Zailani, ka tsaya ka ga gadar tukuna. Gwamnati ce fa."

Ya ce, "Dije ciki gare ta, Sale. Cikin damina za ta haihu. In garka ce za ta sa mota ta zo ƙofar gidana, su ɗauka."

Bai ma jira katafila ba. Da kansa ya ɗauki gatari ya sare mangwarorin, ya jawo gumaguman ya jibge a bayan gidansa. Ranar ban iya yi masa ba'a ba, ni da ba'a ce abincina.

Hanya ta yi kyau, ba zan ci amanar gaskiya ba. Ja wur, a daddale, har yara suna tsere da gare-gare a kanta. Ta tafi sambal ta tsaya cak a bakin ruwa. Muna nan muna jiran mu ga gada ta fito ta tarye ta, sai Fulanin da ke kai shanu mashaya suka ce mana ai ga tifofi can suna zuba dutse da rodi a sama, wajen da rafin yake da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse, a ƙasa. Muka tafi muka gani. Nisan wurin da bakin hanyarmu, ko ka ƙwala kira iya ƙarfinka ba mai jin ka.

Muka sami Balarabe a ofis, yana kan kujera wannan karon, da takalminsa.

Zailani ya ce, "Ranka ya daɗe, gada tana gabas, hanya tana yamma."

"Na gani, Malam Zailani. Tun kafin ku gani na gani."

"To a gaya wa Alhaji mana, tun ba a zuba siminti ba."

Balarabe ya dube shi kamar ya ce masa ya tuɓe a kasuwa. "Ni? In je in tsaya gaban Baba in ce gadarsa ba ta inda ya kamata? Haba, Malam! Kai ba ka da surukai?"

Amma fa ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya gaya wa matarsa. Ita kuwa 'yar fari ba ta zama hira da uba, sai ta gaya wa babarta. Babar ta ga maganar ta yi nauyi, ta rage mata gishiri. Kafin saƙo ya isa kunnen Alhaji Hamidu ya zama, "Yaron nan yana gaisuwa, ya ce a yi maka sannu da aiki." Alhaji ya ji daɗi, ya aiko masa da zabi biyu.

Da muka ga haka muka kwashi dattawa muka haye wurin Alhajin. Ya saurare mu tsaf, yana jan carbi. Ya ce shi ma ya hango hanyar. Gada ba ta zama a kan yashi, dole sai a kan fa. Liman ya ce to ya sa baki a karkato da hanyar. Alhaji ya girgiza kai.

"Malam, in na buɗe baki na ce hanyar nan ta kauce, na tozarta mijin 'yar mutane a gaban iyayen gidansa. Ba za a ji mutuwar aikinsa a bakina ba."

Kun ji haɗin gwiwa. Kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, mu kuma an bar namu a buɗe a bakin rafi.

Aka gama gada. Ta gefen ƙetare an yi mata ciko, mota tana hawa har kanta. Ta gefenmu kuwa sai ta ƙare a sama, tsayin soron bene, domin ciko aikin hukumarmu ne, hukumarmu kuma ta riga ta zuba nata a inda ba gada. Ranar buɗewa manya suka zo ta ƙetare, suka tako har ƙarshenta, suka tsaya suna ɗago mana hannu. Mu muna ƙasa mun ɗaga kai muna tafi, don an ce duk wanda bai zo ba mai gari zai ji dalili. Aka yaba wa kwamiti. Aka kuma kafa ƙaramin kwamiti da zai duba "ɗan gyaran da ya rage," aka ba surukan biyu su jagorance shi, tun da an ga yadda suke fahimtar juna.

Hadari ya fara haɗowa, cikin Dije ya tsufa. Wata safiya na ji sara a bayan gidan Zailani. Na leƙa na same shi da kafinta suna tsaga gumaguman mangwaro.

"Me za a yi?"

"Tsani," ya ce, bai ɗago ba.

Muka ɗauke shi mu da yawa, muka bi burtalin shanu da shi har gindin gada, muka jingina, muka ɗaure da igiya. Kafin mako ya zagayo duk garin ta nan ake bi: mata da ƙwaryar nono, maza da buhu a ka, masu keke a ɗaure a jawo musu da igiya. Ƙaramin kwamiti ya zo ya gani, ya yi murna ƙwarai. Abin da ya hana su sa shi cikin nasarorinsu kawai shi ne an kasa sanin na wace hukuma ne, tun da ƙafarsa tana ƙasarmu kansa yana kan gadar ƙetare.

Ranar da naƙuda ta tashi, an kwana ana ruwa, rafi yana ruri. Da hantsi muka turo Dije a amalanke, muka bar kyakkyawar hanyar burjinmu a gefe muka bi burtali, taɓo har gwiwa. Na riga na aika an tsayar da wata a-kori-kura a kan gada. Muka iso gindin tsani. Dije ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi mijinta.

"Malam, ba zan iya ba."

"Za ki iya, Dije. Ina bayanki. In kin faɗo, a kaina za ki faɗo."

Ta kama. Ta taka ɗaya ta huta, ta taka ɗaya ta cije leɓe, ruwa yana wucewa a gefenmu da rassan itace. Inna Hasana ungozoma tana sama ta miƙo hannu tana ta salati. Ni da nake riƙe da ƙafar tsanin, ban san sa'ad da hawaye ya zubo mini ba, na tausayi da na takaici a haɗe. Da a ce surukan nan biyu suna kusa a lokacin, da na koya musu rashin kunya.

Ta kai sama, amma ba ta kai mota ba. Nan a kan gada mata suka kwance mayafai suka kewaye ta, mu maza muka juya baya muna kallon ruwa. Zailani ya zauna a bakin gada, ƙafafunsa a kan matakin ƙarshe, yana ta shafa icen da tafin hannu. Can sai muka ji kuka, siriri amma mai ƙarfi.

"Mace ce!" in ji Inna Hasana. "Da ita da uwar duk lafiya!"

Na haura na dafa kafaɗarsa na yi masa barka. Ya sunkuya ya dubi matakan. Sannan ya bubbuga tsanin a hankali.

"Baba ya ce don jikokinsa su hau ya dasa su," ya ce. "To, ga ta nan ta hau."