Goyon Roba

Shafa'atu ta daɗe tana rainon 'ya'yan mutane a Sheme, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa ɗan kowa hannu ba. Wannan halin ne ya kayar da ita a bitar Ƙanƙara.

Ƙungiyar masu rainon yara ce ta kira bitar. Mai makarantar da Shafa'atu ke aiki kuwa ya faɗa ba da wasa ba, duk wadda ba ta kawo katin ƙungiya ba ta nemi wani aikin. Katin kuma ba ya samuwa sai mace ta nuna yadda ake ceton jaririn da abu ya maƙale wa a maƙogwaro. Da jaririn roba ake gwajin, baƙi, ɓulɓul, da kumatu kamar na gaske. An cusa masa ɗan ƙwallo a wuya. Sai a kifa shi a kan hannu, kansa ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa har ƙwallon ya faɗo.

Kowacce ta buga, ƙwallo ya faɗo. Da aka zo kan Shafa'atu sai ta hau shafa shi tana bubbugawa a hankali.

"Baiwar Allah, barci za ki sa shi ko cetonsa za ki yi?" in ji Malama Hamida mai koyar da su. "Tahi da shi gida ki koyi bugu. Ranar kasuwa mai zuwa ki dawo. In ƙwallon bai hito ba, babu kati."

Aka miƙa mata buhu ta saka shi. Ta dubi buhun, ta dubi kumatun, zuciyarta ta ƙi. Ta saɓa shi a baya, ta ɗaure da majanyi, ta sako hijabi a kai.

A tasha ne shaiɗan ya same ta. Rabo direba na hango tudun goyo ya daka wa wani saurayi tsawa ya sauka daga gidan gaba. "Mai goyo, bisimilla nan!" Shafa'atu, wadda kullum a baya ake cusa ta tsakanin buhunan masara, ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Sai ta ga laushin kujerar. Ta rufe bakinta, ta juyo da goyon kan cinya a ƙarƙashin hijabi, ta zauna.

Ashe Hajiya Suwaibatu, maƙwabciyarta, tana kujerar baya. Ita kuwa Hajiya labari ba ya kwana a bakinta.

"Ke Shafa'atu, ɗan wa kika samo?"

"Na ƙanwata ne, Hajiya. Riƙo aka ba ni."

"Mi ne sunan shi?"

"Salim."

Ita kanta ta yi mamakin yadda sunan ya fito sumul. Daga nan ƙarya ta yi ta haihuwa. Salim ba ya kuka. Salim ba ya son a buɗe masa fuska. Rabo ya riƙa kauce wa ramuka saboda Salim, abin da bai taɓa yi wa babba ba. Hajiya ta ce ita dai ba ta taɓa ganin yaro mai haƙurin wannan ba. Shafa'atu na ta danne dariya, amma can ƙasan dariyar akwai wani daɗi da ba ta shirya masa ba. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ba a taɓa kiran ta mai goyo ba sai ranar.

Wahalar ita ce, wanda ka goya har ka raɗa wa suna ya fi wuyar duka. Washegari da la'asar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kifa Salim kansa ƙasa, ta runtse ido tana ɗan bugawa. Ƙwallo ko motsi. Daidai nan Hajiya ta leƙo ta kan katanga.

Salatin da ta saka har bakin titi an ji shi. Kafin Shafa'atu ta miƙe, gidan ya cika da iyayen yaran ajinta, kowace da mayafi a karkace.

"Da idona na gani!" in ji Hajiya. "Ta zazzago shi tana jibga! Ɗiyan mutane halan haka take yi musu in mun ba da baya!"

Shafa'atu ta ga aikinta na shirin tafiya tun kafin a kai ga kati. Ta miƙa wa Hajiya yaron. Hajiya ta karɓe shi tana "Sannu Salim, sannu ɗan nan," ta taɓa kumatu, ta ƙwanƙwasa goshi, ta ji roba ce.

Mata suka kwashe da dariya, har da masu zama dirshan a ƙasa. Hajiya ta ce ai tun a mota ta so ta gane. Ba wadda ta yarda.

Shafa'atu ta yi musu bayanin bita da ƙwallo da kati. Ana ta shewa, ban da Hafiza, wadda 'yarta ke ajin. Ta matso ta durƙusa a bakin tabarma.

"Yaya Shafa'atu, nuna mani yadda ake yi."

Shafa'atu ta kifa shi, ta bubbuga irin nata.

"Haka ni ma na yi wa Adnan," in ji Hafiza. "Ranar da gyaɗa ta maƙale masa. Tsoro nake kada in ji masa ciwo."

Babu wadda ta manta Adnan, ɗanta na fari, da ranar da aka kai shi makwancinsa. Tausayi da kunya suka rufe Shafa'atu lokaci guda. Ta gyara riƙo, ta buɗe idonta wannan karon, ta sauke tafin hannunta da ƙarfi tsakanin kafaɗun. Ƙwallon ya yi tsalle ya gangara har gindin randa.

Hafiza ta ɗauko shi, ta mayar a bakin Salim, ta miƙo hannu. Bayanta kowace mace sai da ta gwada. Hajiya ce ta ƙarshe, kuma bugun da ta yi wa Salim ya fi kama da ramuwa.

Ranar kasuwa Shafa'atu ta koma Ƙanƙara, Salim a cikin buhu. Bugu ɗaya ta yi. Malama Hamida ta dube ta, ta dubi ƙwallon a ƙasa, ta miƙa mata katin.

A tasha Rabo ya leƙa bayanta. "Ina mutumina Salim?"

"An yaye shi, Malam Rabo."

"Tun yanzu? To, shiga baya."

Ta shiga ta matsu tsakanin buhuna, katin a ƙulle a haɓar zanenta. Rabo bai bar rami ko ɗaya bai faɗa ba. Har suka iso Sheme hannunta na komawa baya yana neman abin tallafewa.