Inda Kyamara Ba Ta Kai Ba

Yayata tela ce, kuma ba raguwa ba ce. Amma tun da ciwon cikin nan ya kama ta, tana tsaka da ɗinki sai ta sauka daga kan keke ta durƙusa, hannu a cibiya. Ta rame, idonta ya yi fari fat.

A asibiti aka ce olsa ce. Su dai kowane ciki olsa ne. Ta sha magani har ta gaji. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, suka zura mata kyamara ta baki, suka ce lafiya lau. Suka zura ta ƙasa, nan ma lafiya lau. Ba wanda ya gaya mana cewa tsakanin inda ta sama ta tsaya da inda ta ƙasa ta tsaya akwai ƙaramin hanji, dogo, a nannaɗe, wanda duk biyun ba su leƙa ba.

Mijinta kuwa ya samu abin faɗa.

"An duba ki sama da ƙasa, ba komai. Me kuma kike so, a tsaga ki?"

Ya sa mata suna Uwar Raki, har 'ya'yanta suna kama baki suna dariya. Daga nan ta daina kuka a gaban kowa. Banɗaki take shiga ta ciji mayafi. Na tsani mutumin nan, kuma har yau ban huce ba.

Sai da ta yanke jiki ta faɗi a shago muka dace da wata likita, wadda ta ba ta 'yar kyamara kamar ƙwayar magani ta haɗiye. Ita ce ta bi hanjin ta ɗauko hoto. Aka ƙara hoton ciki, aka ɗebi tsoka aka gwada.

"Kansa ce, wato ciwon daji, a ƙaramin hanji," in ji likitar. "Irin wadda ba kasafai ake gani ba. Ta riga ta kai hanta."

Ni na fashe da kuka. Yaya ko gezau ba ta yi ba.

Ta ce, "Likita, maigidana yana waje. Don Allah a kira shi, ki maimaita a gabansa."

Ya shigo yana kaɗa makullin mota. Likita ta maimaita. Makullin ya daina ƙara.

Yaya ta dube shi. "Baban yara, ka ji da kunnenka ko? Ba ƙarya nake ba."

Murmushi take yi. Rabona da ganin murmushinta har na manta, kuma ban taɓa jin takaici irin na ranar ba.