Wutsiyar Ragon Farin Wata

Da safe Tserenpil ta tarar da Jar Saniya kwance a bayan garka, ƙanƙara ta daskare mata a gashin hanci. A sanyin tsaunin Hangai, saniyar da ta kwanta da wuya ta sake tashi, kuma wannan kaɗai ke da nono a gidan. Da nononta ake rainon jikarsu, wadda uwarta ke kwance asibiti a birni.

Mijinta Gombojab ya lulluɓe saniyar da bargon gashi, ya tura mata busasshiyar ciyawa. Ko kallo ba ta yi ba.

"Tsoho, ciyawa za ta ɗumama cikin da ya daskare? Maiƙo take so."

"To, ina maiƙon?"

Tserenpil ta shige ɗaki, inda gadon bayan rago yake ajiye don bikin Farin Wata, wato bikin sabuwar shekararsu, da wutsiyarsa jibgegiya. Da girman wannan wutsiya baƙi ke auna gida, kuma tun kaka Gombojab ke cika baki da tasa. Ta sa wuƙa ta yanke ta.

"Ke tsohuwa! Kin haukace? Yayana zai zo!"

"Sai ka tatsi yayan naka ka ba jaririya."

Ta narka kitsen a tukunyar shayi, ta zuba gishiri da dusa, ta bari ya huce. Gombojab yana mita yana riƙe da ƙahon, ita kuma tana ɗura wa saniyar kaɗan-kaɗan da kwalba, don kada ta shaƙe. Shiru. Can wajen azahar sai dabbar ta yi nishi, ta miƙa wuya ta fizgi ciyawa. Suka sa igiya a ƙarƙashin cikinta suka ɗaga, ta yi tangaɗi, ta tsaya! Tserenpil ta zauna daɓas cikin ƙanƙara tana kuka, tsabar daɗi.

Ranar biki yayan ya zauna a mazaunin manya, ya daɗe yana kallon guntulallen ragon.

"Ƙanina, ina wutsiyar?"

Tserenpil ta sunkuyar da kai. Gombojab kuwa ya tura ƙofa, ya nuna Jar Saniya tana tuƙa a hantsi.

"Ga ta can, Yaya, tana yawo da ƙafa huɗu."

Sannan ya miƙa masa shayi mai madara.