Motar Yaya Na Jin Sanyi

Bakanike ya kwance murfin baƙin mai, ya dangwala yatsa, ya nuna wa Baba. Wani farin abu ne ya maƙale a jiki, kamar madarar da ta tsinke.

"Ruwa ne, Baba. Motar nan sanyi ke damunta."

"Sanyi? Mota ce ko tsohuwa?"

Auta tana tsaye gefe. Motar ta yayanta ce, ja, mai ƙofa biyu. Da ita yake tsere a filin bayan gari kafin ciwo ya kwantar da shi. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Tun daga lokacin, kullum da safe Baba zai goge ta, ya lallaɓa da ita ƙarshen layi ya sayo jarida, ya dawo. Bai taɓa wuce giya ta biyu ba.

Bakanike ya durƙusa, ya nuna wani ƙaramin lagireto a bayan bamba, da tiyo biyu a jikinsa.

"Ka ga wannan? Shi ke sanyaya baƙin mai. Mai tsere dole ya sa, don mansa zafi yake ɗauka kamar wuta. Kai kuwa jarida kake sayowa. Man ba ya ko ɗumama, balle ruwan da ke taruwa a ciki ya ƙone. Mai jin sanyi ne ka kunna wa fanka. In aka ci gaba a haka, injin zai buga."

"To, mene ne magani?"

"Kusoshi huɗu ne. Minti ashirin na cire shi."

Baba ya zuba wa tiyon ido. Auta ta san abin da yake kallo: shuɗiyar wayar da aka ɗaure shi da ita. Shi ne aiki na ƙarshe da Yaya ya yi da hannunsa. Ranar ma faɗa Baba ya yi masa, wai ya ɓata simintin gida da mai. Har yau tabon na nan, Baba ya hana a wanke.

"Ba za a cire ba."

Bakanike ya ɗaga kafaɗa. "To sai a juye man, a samu mai taka ta a babban titi duk sati, har allurar zafin mai ta kai tsakiya."

Baba ya kawar da kai.

"Zan iya," in ji Auta, kanta a sunkuye.

"Ke? Yaushe kika iya mota?"

"Yaya ya koya mini. Duk Asabar ɗin da nake cewa zan je gidan Gwaggo."

"Gudu nawa kika taɓa kaiwa?"

"Ɗari da arba'in."

Bakanike ya yi fito, ya tafi ɗauko sabon mai.

Da aka rufe bonet, Baba ya ajiye makullin a kan rufin motar, ya zagaya ɗaya gefen ya shiga. Sai da ta taya shi neman bel ɗin kujera.

Suka hau babban titi. Ta sa giya ta huɗu, ta tsaya a tamanin, tana satar kallonsa. Ya ƙanƙame ƙofa da hannu biyu, hularsa ta karkace.

"Ashe ku biyun kun daɗe kuna raina mini hankali," in ji shi.

Ta fara ɗaga ƙafa daga totur.

Baba ya leƙa allurar, ya girgiza kai.

"Ba ta motsa ba tukuna. Taka."