Kasko a Motar Abdulbasit

Tun da ƙafar Baba ta fara ciwo, ni nake kai shi sallar Juma'a Minjibir a kan babur ɗina. Ya dafa kafaɗata, muna tafe yana hira, abin da ba ya faɗa wa kowa a gida a hanyar nan yake faɗa mini. Kwatsam sai ga ƙanina Abdulbasit ya dawo daga Kano da mota. Mota fa ta hannu, ta ga jiya ta ga yau, amma sai ka ce jirgin Makka ne ya sauka a ƙofar gidanmu. Baba da bakinsa ya ce wannan Juma'ar a mota za shi. Kishi na ji, wallahi.

Ranar Laraba gwanin ya ɗauko wa Inna akuya daga kasuwa a kujerar baya. Ya sauke gilasai don wari ya fita, ya tafi gaishe-gaishe da ƙafa. Hadari ya taso daga gabas, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin ya dawo a guje, motar ta sha ta ƙoshi.

Zo ka ga gida ya tashi! Inna na kwasar ruwa da ƙoƙo, an baza shimfiɗun ƙafa a kan darni. Har matata Ramlat, wadda ba ta taɓa goge mini ko madubin babur ba, ta fito da tsofaffin zannuwanta tana danna kujeru. Daga nan Inna ta kawo kasko da garwashi, ta ɗora a faranti a tsakiyar motar, ta barbaɗa turaren wuta, ta ce a rufe gilasai ruf don ya kama, yadda take turara kayan sawa.

Na ce, "Inna, ko gyaɗa aka jiƙa ai iska ake ba ta, ba a rufe ta."

Abdulbasit ya ce, "Yaya Usaini, wannan fa ba babur ba ne."

Inna ta harare ni. "Kai dai yi wa ɗan'uwanka fatan alheri."

To, shi ke nan. Wa ya aike ni?

Da aka buɗe ta ranar Alhamis, gilasai sun yi gumi sharkaf. Warin akuya da na danshi da turare sun haɗe, sai da Ramlat ta toshe hanci ta ja baya. Kujera kuwa ka danna da yatsa ruwa ya tsattsafo. Rana ta ƙi fitowa yini guda. Ni dai raina fes, har na kama kaina ina waƙa a gona.

Da safiyar Juma'a na wanke babur tas, na kafa shi a ƙofar zaure. Baba ya fito cikin farar babbar riga, ya dogara sandarsa zuwa motar, ya danna kujerar gaba, ya dubi tafin hannunsa.

Na tayar da babur. "Bismillah, Baba, kada mu makara."

Bai juyo ba. Ya ce Ramlat ta miƙo masa buhun taki wanda ba komai a ciki, ya shimfiɗa a kan kujerar.

"Haba Baba, rigarka za ta jiƙe, ga wari!"

"Ta jiƙe," in ji shi. Sannan ya dube ni, ya rage murya. "Allah ya yi maka albarka, Usaini. Amma duk Juma'ar da muka dawo, kwana nake ina juyi da ƙugun nan. Nauyin faɗa maka nake ji."

Ya tattare rigarsa ya shiga. Abdulbasit ya leƙo ya ce in shigo baya, na ce su je kawai. Na tsaya riƙe da babur yana ta ƙugi har suka sha kwanar gonar dawa, ina ta lissafa ramukan hanyar nan, na rasa a wanne na fi jijjiga tsohon.